Kafin a yi wa uwa faɗa a asibiti, an tambaye ta?

A yawancin ƙauyukan Arewa, da ma unguwannin bayan gari a manyan birane, mutum kan yi shekaru bai zauna gaban cikakken likita ba. Wanda yake gani in jiki ya motsa shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi, ko malamar awo, ko mai gwada jini, ko matar nan da ke bin gida-gida da jaka da littafi tana tambayar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jama'a duk "likita" suke ce musu. A takarda kuwa su ne na ƙasa: ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW da ƙannensu JCHEW, da mataimakan nas-nas, da 'yan sa-kai.

Abin da waɗannan bayin Allah suka fi rabawa a rana magana ce, ta fi allura da ƙwaya yawa nesa ba kusa ba. Su ne ke gaya wa mai ciki ta dawo awo, su ce wa dattijo ya rage gishiri, su lallashi uba ya bari a yi wa ɗansa rigakafi. A ganina wannan magana aiki ce mai ƙa'ida kamar ɗinkin rauni. Ana koyon ta, ana kuma iya ɓata ta. Mu kuwa mun bar ta kara zube: wanda Allah ya hore wa daɗin baki ya yi da kyau, wanda bai iya ba ya yi ta korar mutane daga asibiti, ba mai tuhumarsa.

Laccar safe da faɗan rana

Duk macen da ta taɓa zuwa awo a asibitin gwamnati ta san laccar safe. Mata hamsin ko fiye a jere kan benci, wasu a tsaye, wasu da goyo, an fito tun bayan Asuba don a kama layi. Malama ta tsaya a gaba ta zayyano abin da ta zayyano jiya da shekaranjiya: a ci abinci mai gina jiki, a kwana cikin gidan sauro, a sha maganin ƙarin jini, a zo asibiti haihuwa. Wani lokaci har da waƙa da tafi.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Amma a cikin matan nan akwai wadda ta ajiye ƙwayar ƙarin jinin saboda tana tayar mata da zuciya, ga bayan gidanta ya koma baƙi, ta tsorata, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa haka maganin ke yi kuma ba illa ba ce. Akwai wadda aka ce mata a gida ƙwayar na sa ɗa ya yi ƙato a ciki har a kai ga tiyata. Akwai wadda rabonta da nama tun Babbar Sallah, ana ce mata ta riƙa cin hanta. Ba wadda za ta ɗaga hannu gaban mata hamsin ta faɗi haka, balle mai cikin fari da kunya ta hana ta ko amsa cewa tana da ciki. Lacca ta ƙare, kowa ta koma gida da abin da ta zo da shi a ranta.

Sai kuma faɗa. "Sai yanzu kika ga damar kawo shi?" "Haihuwa ta nawa ke nan, ba kya gajiya?" "Ku dai ba kwa jin magana." Wanda bai taɓa jin irin waɗannan kalamai a asibiti ba, ya tambayi matarsa ko yayarsa.

Uwar da ta kawo yaro mai gudawa bayan kwana biyar ta riga kowa sanin ta makara. Ta yi kwanakin ne tana jiran mai gida ya dawo ya ba da izini, ko tana haɗa kuɗin mashin, ko tana bin umarnin surukarta da ta ce haƙori ne zai wuce. Darasin da za ta ɗauka daga tsawar shi ne, gobe in ta sake makara gara ta tsaya kemis ɗin bakin layi. Mai kemis, duk da ƙarancin iliminsa, yana tambayar "yaya mai jiki?", yana ba da bashi, kuma ba ya yi wa kowa gori. Da wannan ya ƙwace wa asibiti majinyata.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. Binciken ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Nisa da talauci da rashin hanya da rashin ungozoma da dare duk suna da kasonsu a wannan, ba mai musu. Amma wulaƙanci ma yana da nasa, har ta kai a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan cin zarafin mata da rashin girmama su a ɗakin haihuwa. A cikin duk dalilan nan, shi ne kaɗai wanda gyaransa ba ya jiran kwangila.

Abin da shan inna ya koya mana

Mu a Arewa ba ma bukatar kowa ya zo daga waje ya gaya mana tsadar rashin iya magana. Mun biya ta da ƙafafun 'ya'yanmu.

A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. A shekarun da suka biyo baya cutar ta tsallaka daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har can Indunusiya. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a.

Ko bayan da gwamnati ta janye dakatarwar, gidaje da yawa ba su janye tasu ba. Ana jin sallamar 'yan polio sai a tura yara ɗaki ko a haura da su katanga. Sanarwar rediyo ba ta buɗe waɗannan ƙofofi ba, barazanar kamu ma ba ta buɗe su ba. Abin da ya fara sauya lamarin shi ne sauya mai magana. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, magana ta gangaro ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Daga 2012 kuma asusun UNICEF ya fara ɗaukar dubban mata 'yan sa-kai da ake kira VCM, kowace daga cikin unguwar da za ta yi aiki. Ta san wadda ke da ciki, ta san gidan da aka haihu jiya, tana zuwa barka da suna, tana shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa domin ita ba baƙuwa ba ce. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka shiga aikin, suna zuwa ƙofar gida a kan kekensu, ba sai sun yi dogon bayani ba.

Da aka tsaya aka saurari masu ƙin yarda, sai ga shi da yawansu ba maganar hana haihuwa ce ta dame su ba. Tambayarsu ita ce: don me ake bin mu har gida, wata bayan wata, da maganin cutar da ba mu gani, alhali in yaro na zazzaɓi muka je asibiti ko farasitamol sai mun saya? Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a amsa ta da lacca. An amsa ta ne da kafa wuraren duba marasa lafiya kyauta a ranakun rigakafi, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa kafin a ɗiga wa ɗanta na shan inna. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Kada a manta wannan aiki ya ci rayuka. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata. Duk wanda zai soki ƙananan ma'aikatan lafiya, kamar yadda nake yi a nan, ya fara tuna wannan.

Abin takaici, da shan inna ya lafa sai aka ɗauki darasin tamkar na shan inna ne kaɗai. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma mafi yawan yaran da ya kwantar ba su kammala rigakafin da ake yi kyauta a asibitin unguwarsu ba. Allurar tana nan a firji. Iyayen ne ba su zo ba, ko sun zo sau ɗaya, yaro ya yi zazzaɓi da dare, ba wanda ya gargaɗe su tun farko cewa hakan na iya faruwa kuma zai wuce, shi ke nan ba su koma ba.

Tambaya kafin nasiha

Masana sun daɗe da gano abin da kowace uwar miji mai hikima ta sani. A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya rubuta yadda yake tattaunawa da mashaya giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a kai a 1991. Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne. In ka matsa wa mutum da dalilan da za su sa ya canza, shi kuma sai ya shiga kawo dalilan da za su hana shi, kuma yana jin kansa yana faɗar su yana ƙara gamsuwa da su. In kuwa ka tambaye shi ka yi shiru, sau da yawa da bakinsa zai kawo dalilin canjin, kuma wanda ya fito daga bakinsa shi yake riƙewa. Yau ana koyar da wannan hanya ga ma'aikatan lafiya a ƙasashe da dama, kan shan taba da ciwon suga da shan maganin ƙanjamau.

Shirun ne mai wuya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano likitoci kan katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayaninsa. Can ke nan, inda ba mutum tamanin a layi.

A ɗauki misalin dattijon da aka gwada aka ga jininsa ya hau. Abin da aka saba ce masa shi ne, "Baba, ka daina cin gishiri, ka rage tunani, ga magani." Baba ya ce to. Amma Baba ba ya girki. Tukunya ɗaya ake ɗorawa ta mutum goma sha biyar, kuma ko an rage gishiri akwai dunƙule huɗu ko biyar a miyar, ga kanwa, ga yajin da yake barbaɗawa, duk gishiri ne a wata riga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule. Malamin da ya san aikinsa zai fara da, "Baba, wa ke yi maka girki? Za ta iya rako ka ranar da za ka dawo?" Sannan ya tambaye shi me ya sani game da hawan jini. A nan zai ji Baba ya ce ai ɓacin rai ne ya kawo shi, in hankali ya kwanta zai sauka. Wanda ya yi imani da haka zai sha magani kwana goma, ya ji garau, ya ajiye, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Gara a ji wannan fahimta tun yau a gyara ta, a gaya masa ciwon ba ya jin zafi kuma maganin na kullum ne ko da yana jin lafiya.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowace rashin amfani a asibitocinmu: "Kin gane?" Wace mace ce mai tarbiyya za ta dubi malama ta ce ban gane ba? Za ta ce "na gane" don ladabi. Nazarce-nazarce sun nuna majinyata kan manta tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu kusan nan take. Maganin wannan shi ne a sa mutum ya maimaita da bakinsa, ba tare da ya ji ana yi masa jarrabawa ba: "Maman yaro, in kin koma gida mai gida ya tambaye ki yadda za a ba shi maganin nan, me za ki ce masa?" In ta kuskure, malama ta ɗauki laifin, ta ce bari in sake bayani, ban faɗa da kyau ba.

Wurin da wannan ya fi fitowa fili shi ne rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a kowane wata. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko mai rabo ke bayarwa a gabansa. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Ma'ana kashi biyu cikin uku na aikin ya rataya a kan minti biyu ko uku na magana a zaure ko tsakar gida. In mai rabo yana sauri ya cika adadin gidajen da aka ɗora masa, ya miƙa ƙwaya ya shafa alli a bango ya wuce, uwa na iya ajiye ragowar sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, ko ta raba wa yayansa da ya wuce shekarun. A rahoto an rubuta an kai wa yaro. A jikin yaron kuwa kariyar ba ta cika ba.

Al'ada da wanda ke riƙe da ita

Inda magana ta fi tsauri shi ne inda shawarar asibiti ta ci karo da abin da kaka ta gada. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka alaƙanta shi a nazarinsu da gishirin da ke cikin kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Shekara hamsin ke nan ana ce wa mata su daina, ana kuma ci gaba da yi, domin mai jego ba ita ke da iko da jegonta ba. Tana gidan iyayenta wankan gida, uwa ko gwaggo ce ke hura wutar, kuma a wurinsu wannan kulawa ce da ƙauna.

Malamar da ta ce wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas "wannan jahilci ne" ta aika ta gida da saƙon da ba za ta iya isarwa ba. Wadda ta ce a kira mata Hajiya daga waje, ta gaishe ta da kyau, ta yaba mata ɗawainiya, sannan ta roƙi a sassauta zafin ruwan, a rage kanwar saboda jinin yarinyar ya hau lokacin ciki, ta fi kusa da samun wani abu. Ta kuma damƙa wa Hajiyar aiki: in kin ga ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, ki kawo ta ko tsakar dare ne. Tsohuwar da aka mayar mai gadi ta fi wadda aka mayar abokiyar gaba amfani.

Haka batun shayarwa. Ana so jariri ya sha nono zalla wata shida, ko ruwa kada a ba shi, amma binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ke samun haka. A garin da zafi ke kai wa maki 40, hana jariri ruwa a kunnen kaka zalunci ne, kuma tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Sai an fara amsa mata cewa lallai jariri na jin ƙishi, sannan a gaya mata sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in ana zafi a ƙara ba shi nonon, uwar ce za ta sha ruwa da yawa. Haka dakashi, nonon farko da wasu ke matsewa su zubar don suna ganin ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu.

Kalma ɗaya ma na iya rufe ƙofa ko ta buɗe ta. Shekara da shekaru ana cewa "ƙayyade iyali" mutane na toshe kunne. Da aka koma cewa "tazarar haihuwa", abin da kakanninmu ke yi tun tuni don gudun kwanika, sai malamai da magidanta da yawa suka samu wurin tsayawa.

Maza kuwa an daɗe ana barin su a waje a gindin bishiya, alhali izini da kuɗi a hannunsu suke. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A 2008 aka fara shirin Makarantar Mazaje a jihar Damagaram da tallafin asusun UNFPA, inda magidanta ke zama rukuni-rukuni su tattauna matsalolin awo da haihuwa na garinsu, su kuma je su yi wa 'yan uwansu maza magana. Shirin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen yankin. Mu da muke da majalisa a kowace kwana da teburin mai shayi a kowane layi, ba mu rasa wurin yin irinsa ba.

Ba ciwon jiki kaɗai ba. A Zimbabwe likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti su saurari masu fama da damuwa, su taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Ba ƙwaya aka ƙara musu ba, horo aka bai wa masu sauraro.

A Ingila ma hukumar lafiyarsu na da tsarin da ta kira MECC, wanda manufarsa ita ce kada haɗuwar ma'aikaci da majinyaci ta tafi a banza. Mai gwada jini ko mai gyara gado na iya ɗaukar rabin minti ya tambayi mutum ko yana shan taba, ya gaya masa akwai taimako in yana so, ya nuna masa inda zai je. Tun 2015 kuma sabon mataimakin ma'aikacin lafiya a can yana bin wani horo na farko da iya magana da majinyaci ke cikin darussansa.

Laifin ba na malama kaɗai ba ne

Zai zama rashin adalci a sauke wannan kaya duka a kan malamar awo. Mace ɗaya ce a asibitin da ya kamata a ce mutum biyar ke aiki. Ita ce mai awo, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai cike rajista kala-kala da kowane shiri ya kawo nasa. An tsara ma'aikatan CHEW ne su yi kaso mai yawa na lokacinsu a cikin gari suna bin gidaje, amma ƙarancin ma'aikata ya ɗaure su a kan tebur, musamman tun 2014 da aka amince su ɗauki wasu ayyukan nas da ungozoma. Wadda ta ga mutum saba'in kafin Azahar ba ta karya ba, ba abin mamaki ba ne in muryarta ta yi kaushi.

Ga kuma rashin sirri. Ɗaki ɗaya, labule babu, na bayanka yana jin duk abin da kake faɗa, kuma maƙwabcinka ne. A irin wannan wuri ba mai faɗin ciwon sanyi ko dukan miji ko ƙwayar da ɗansa ke sha.

Sannan daɗin baki ba ya maye gurbin magani. Ka ce wa uwa ta wanke hannu da sabulu a garin da jarkar ruwa ke gagarar ta, ko ka lallashi mai ciki ta zo haihuwa ta tarar da asibiti a kulle da dare, ka ɓata amincin da aka yi shekara ana ginawa. Shirin CHIPS da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Lafiya ta jihar Nasarawa a 2018 an gina shi ne kan mata 'yan gari masu bin gidaje suna ba da shawara suna tura mutane asibiti. Tunani ne mai kyau. Amma 'yar sa-kai da alawus ɗinta ke makalewa, ko wadda ta tura mutane suka dawo suka ce mata ba su samu komai ba, ba za ta daɗe tana sallama a ƙofofin mutane ba.

Duk da haka akwai abin da za a iya farawa da shi ba tare da jiran sabon kasafi ba. Makarantun koyon aikin lafiya da ke yaye CHEW bayan shekara uku da JCHEW bayan shekara biyu su riƙa jarraba ɗalibi a kan zance kamar yadda suke jarraba shi a kan allura: a zaunar da shi gaban wadda za ta fito a matsayin uwar da ta ƙi rigakafi, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a ga yadda zai yi da ita. A rage laccar safe a mayar da mintocin ga ganawar mutum da mutum. A rataya ko zani ne a raba ɗakin.

Hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi kuma suna tura masu duba aiki, suna duba sanyin firji da rajista da ranar lalacewar magani. Su ƙara abu ɗaya a takardar. Mai duba aiki ya tsaya a bakin ƙofa ya tari mata biyar da suka fito, ya gaishe su, ya tambayi kowace: me aka ce ki yi in kin koma gida, kuma yaushe aka ce ki dawo? Ya rubuta nawa ne suka iya amsawa, ya dawo bayan wata uku ya sake ƙirgawa.